Idan Memori Ya Lalace: Yadda Malami Zai Ceto Aikinsa



Da yawa daga cikinmu, ɗan katin memorin da ke cikin waya shi ne akwatin ajiyarmu. A ciki muke adana makin gwajin ɗalibai, da tambayoyin jarrabawa, da hotunan takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma waɗanda ake nema ranar tantancewa. Ranar da waya ta ce katin ya lalace, aikin zango guda na iya salwanta. Sai dai sau da yawa ana iya ceto shi, muddin ba a yi gaggawa ba.

Kowane kati yana da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, tamkar rajistar aji. Katin da bai wuce gigabayit 32 ba galibi da tsarin FAT32 yake zuwa, wanda ya fi haka kuma da exFAT. Idan rajista ta yage, yara suna nan zaune a kujerunsu, sunayensu ne kawai ba a iya kira. Haka abin yake a memori: mafi yawan lokuta jadawalin ne ke lalacewa, fayilolin kuwa suna nan har sai an rubuta wani sabon abu a kansu.

Saboda haka, matakin farko shi ne a kashe waya, a cire katin, a daina ajiye komai a kansa. Idan kwamfuta ta nemi a yi masa fomat, a ƙi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na biyu, a goge haƙoran katin da busasshen ƙyalle, a gwada shi a wata na'urar karanta memori, domin wani lokaci laifin na na'urar ne. Idan kuma katin ya ziyarci shagon buga takardu ya dawo babu komai, alhali yana nuna a cike yake, mai yiwuwa bairos ne ya ɓoye fayilolin. Umarnin attrib na Windows yana bayyana su.

Na uku, a nemo fayilolin da manhaja. PhotoRec, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya ƙirƙira, kyauta ce, kuma ba ta dogara da jadawali: tana bin katin lungu-lungu tana gane hoto ko takarda ta alamar da ke farkonta. Shi ya sa fayilolin ke dawowa ba da sunayensu na asali ba. Akwai kuma Recuva mai sauƙin amfani. Duk abin da aka ceto, a ajiye shi a kwamfuta, kada a mayar da shi kan katin, don kada ya danne wanda ba a kai ga cetowa ba.

Sai bayan wannan ne za a gyara katin kansa da umarnin chkdsk, ko a yi masa fomat. Chkdsk yana yin rubutu a kan katin, don haka ba da shi ake farawa ba.

Akwai inda dabara ke ƙarewa. Tun daga Android 6.0 na shekarar 2015, wasu wayoyi na iya mayar da kati ya zama ma'ajiyarsu ta ciki, su kulle shi yadda wata na'ura ba za ta karanta shi ba. Akwai kuma katunan jabu masu nuna girman da ba su da shi: da zarar ainihin cikinsu ya cika, sai abin da aka zuba ya riƙa lalacewa. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan kati tun yana sabo.

'Yan uwa, rigakafi ya fi magani. Kada mu fizge kati alhali ana rubutu a kansa. Kowace muhimmiyar takarda ta kasance a wuri uku: a waya, a kwamfuta ko filash, sannan a intanet, inda Google ke ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta. Makin ɗalibai kuwa amana ce, a ci gaba da shigar da shi a littafin maki da biro. Ina roƙon kowace makaranta ta ware rana guda a ƙarshen wata domin kwafe waɗannan bayanai.