Wa'azi bisa Ladan Ɗan Ƙwadago da Diyyar Rauninsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Gusau da Tsafe da Bungudu, maganarmu yau bisa ladan wanda anka sa aiki ce, da abin da ya wajaba in ya ji rauni cikin aikin nan.

Ku sani malamai sun ajiye babin ijara cikin Risala da Muhtasar, kuma duk wanda ya kai wurin cikinku ya karanta shi. Sharaɗin ijara shi ne a san lada, a san aiki ko ajalinsa, tun ba a soma ba. In ba a ambaci lada ba, ƙullin ya ɓaci, sai a ba ma'aikaci gwargwadon abin da ake ba irinsa a garin. To, ku dubi al'adarmu. Mutum shina kiran magini ko mai noma, in an tambaye shi jinga sai shi ce, "Ai ba mu ɓatawa." Da yamma shi miƙa abin da ransa ya so, talaka shi karɓa don kunya. Wannan ci da haƙƙi ne, ko da an yi shi da fara'a.

Fasali bisa dokar gwamnati. Dokar ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai aiki shi ba ma'aikacinsa takarda kafin wata 3 su wuce, a rubuta irin aikin da yawan lada da lokacin biya. Ta ce a biya da kuɗi, kada tsakanin biya da biya shi wuce wata guda. Ta hana yanke albashi da sunan tara. In ma'aikaci ya yi ɓarna da gangan ko da sakaci, ba a yanke masa sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Haka fiƙihu ya tafi, zama ɗan ijara amintacce ne, ba shi ramuwar abin da ya ɓaci a hannunsa sai in ya yi sakaci, ban da masu sana'a irin maɗinki da marini da sunka tafi da kayan mutane, su suna ramawa.

Amma mafi ƙarancin albashi, an yanka shi naira 18,000 cikin 2011, da 30,000 cikin 2019, da 70,000 cikin 2024. Mu nan Zamfara ba a soma biyan 30,000 ɗin ba sai watan Yuni na 2024, zamanin Gwamna Dauda Lawal, bayan shekara 5 da yin dokar. In ma'aikacin gwamnati, mai takarda da ƙungiya, ya jira haka, ina ga yaron shago?

Ga wurin da nike so ku tsaya. Dokar albashin nan ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta game mai aikin gona na damina ba, ko wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi. Ke nan 'yan dako na kasuwar Tsafe, da masu noman ƙwadago a fadamun Bungudu, da yaran masu injin niƙa a Gusau, mafi yawansu suna bayanta. Shari'a kuwa ba ta ƙidaya ma'aikata. Ko mutum guda ka ɗauka, haƙƙinsa shina wuyanka. Garinga na Gusau nan anka yi shelar Shari'a cikin Oktoba 1999. Abin kunya ne a ce mun riga kowa shela, muna baya ga biyan lebura.

Fasali bisa rauni. Cikin 2010 anka yi dokar diyyar ma'aikata. Mai aiki shina zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da shike biya ga asusun hukumar da ake kira NSITF, kuma an hana shi cire wannan daga albashin ma'aikaci. Wagga doka ba ta da sharaɗin mutum 25, ta game har ɗan koyo da mai aikin wucin gadi. In rauni ya auku, ma'aikaci shi sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida shi sanar da hukuma cikin kwana 7, a nemi diyya kafin shekara ta cika. Ku riƙe waɗanga kwanaki, ku karantar da su ga wanda bai iya karatu ba, domin haƙƙi da yawa jinkiri ke kashe shi. Yaron da inji ya cinye wa yatsu, kada a sallame shi da kuɗin mota a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta sauke nauyi daga wanda ya bar inji ba marfi.

Yanzu sai mu, ya ku malamai. Makarantunmu na Islamiyya suna karɓar kuɗin wata daga iyayen yara, sa'an nan a ce wa malamin aji shi yi don Allah, shi yi wata 2 ko 3 bai ga kome ba, ga iyali. Wani kuma shina tura almajiransa ƙwadago gonar mai kuɗi, shi karɓe ladan duka. Ladan na wanda ya yi gumi ne. Ba mu iya hana attajiri abin da muke aikatawa cikin zaurukanmu.

Saboda haka ina yi muku wasiyya da abu 4. Ku ambaci lada kafin a ɗauki fartanya. Ku rubuta shi, ko da ajami ne, da shaidu biyu. Ku biya ranar da kunka yi alkawari. Wanda ya ji rauni cikin aikinku ku yi jinyarsa, ku taimake shi neman diyyarsa. Kai kuma ma'aikaci, ka cika aikin da anka yi jinga da kai bisa gare shi, zama sa'ar da ka sace ta zama haramun cikin ladanka.

Wanda ya san akwai ladan wani gare shi, shi nemi mai shi shi biya tun shina da rai, in ya rasu shi ba magadansa. Allah shi tsare mu da cin gumin bayinsa, shi sa mu cika da imani. Amin. Haza wasalam.