Daga Barbushe zuwa Bugun Ƙasa

Girkawan dā sukan niƙi gari har Dalfi, su tambayi bokanyar gunkinsu Afolo kafin su fita yaƙi. Mu ma a Kano, littafin tarihin sarakunanmu ya ce Barbushe na Dala kan shiga wurin gunkinsu Tsumburbura, ya fito ya faɗi abin da shekara za ta kawo, har zuwan baƙon da zai mulki ƙasar. Aka ce baƙon shi ne Bagauda, wanda ya zo a shekarar 999.

Har yau, daga Unguwa Uku zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, ana kai wa mai bugun ƙasa kuɗin cefane kan maganar aure ko fatauci. Wallahi abin na ci mini rai, don gaibu sai Allah. 'Yan'uwa, a yi istihara, a nemi shawarar manya, a bar wa iyali kuɗinsu.