Jawabi Kan Ƙa'idar da ke Kiran Kanta



Tun da John McCarthy ya ƙago harshen kwamfuta na Lisp a 1958, masu koyo suke tuntuɓe da ƙa'idar da ke kiran kanta. Alhali kuwa tambaya ɗaya ce jigonta. A ce muna neman jimlar jerin lambobi. Shin jerin fanko ne? To, jimlarsa sifiri. In ba haka ba, ku riƙe lamba ta farko, ku miƙa wa ƙa'idar saura, ku haɗa da abin da ta dawo da shi. Jerin 3, 5, 2 zai ba da 10.

Amma hattara! Wanda ya manta da jeri fanko, kiransa ba shi da ranar ƙarewa.