AMSOSHIN WASIƘUNKU: Marsandi Mai Gudun Tsiya Za Ta Yi Zirga-zirgar Nahuce?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin kuwa amsarta tana da ɗan tsawo, kuma mun tabbata ba mai ita kaɗai ta shafa ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Nahuce, cikin ƙaramar hukumar Bungudu ta Jihar Zamfara. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce shi ɗan kasuwa ne, yana sayen wake da waken suya da masara, kusan kullum sai ya shiga Gusau, ranar kasuwa kuma ya leƙa Tsafe, wani lokaci tafiya ta kai shi Sakkwato ko Kaduna. Ya ce an yi masa tayin wata Marsandi 'yar Kwatano, samfurin E63 AMG ƙirar 2010, a kan kuɗin da shi kansa ya yi mamakin araharsa. In ya sayar da Corolla ɗinsa ya cika da wani abu daga cikin jarinsa, to ta zama tasa. Mahaifiyarsa ba ta so, abokansa kuwa suna ta zuga shi. Tambayarsa ita ce, shin irin wannan mota za ta yi masa hidimar yau da kullum da kuma doguwar tafiya?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari mu fara da yi wa motar adalci, kada a ce mun kushe ta ba mu san ta ba.

Shi wannan suna AMG na wani kamfani ne da wasu injiniyoyi biyu, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, suka kafa a ƙasar Jamus a shekarar 1967, aikinsu shi ne su ɗauki Marsandi su ƙara mata ƙarfi don tsere. Daga baya kamfanin Marsandi ya mallake shi. A masana'antarsu da ke garin Affalterbach, mutum ɗaya ne ke haɗa irin wannan inji tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan a manna sunansa a jiki. Ita wadda aka yi maka tayi tana da silinda 8, girman injinta lita 6.2, ƙarfinsa kuwa na doki 525. Daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa huɗu da rabi ta ishe ta. Sai da ma aka sa mata takunkumi a kan kilomita 250 a awa, in ba don haka ba da ta zarce. Ga kujerun fata, ga sanyi, ga birki mai kama ƙasa. Mota ce ta gaske, wannan babu ja.

To amma fa, Malam, kowace mota da irin hanyar da aka ƙera ta dominta. Waɗanda suka ƙera wannan suna da manyan titunan Jamus a ransu, waɗanda a wasu sassansu doka ba ta ƙayyade gudu ba sam. Sun kuma ƙaddara cewa akwai fetur mai kyau a kowane gidan mai, akwai bakanike mai kwamfuta a kowane gari. Kai kuwa motar kaɗai za a sayar maka, ba za a haɗa maka da titin da man da bakaniken ba. Saboda haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da za ka tarar.

Na farko, hanya. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taki ɗaya ba. An yi haka ne da gangan, don ta lafe a kan kwalta in tana gudu. To ka tuna da tudun nan da ake yi a kan titi don rage gudu a kowane gari da ke bakin hanya, ka tuna da ramukan da damina ke bari, ka tuna da ranar da sayen wake zai sa ka sauka daga kwalta ka bi burji ko yashi zuwa wani ƙauye. Duk inda cikinta ya daki ƙasa, tukunyar baƙin mai da salansa ne a wurin. Tayoyinta kuma masu faɗi ne amma marasa kauri, robar da ke tsakanin wili da titi 'yar kaɗan ce. Ramin da Corolla za ta faɗa ta fita lafiya, ita sai ya fasa mata taya, ko ya lanƙwasa wilin. Daɗin daɗawa, tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. In ɗaya ta fashe tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe, mai faci na bakin hanya zai iya liƙe maka huji, amma da wuya ka sami sabuwa irinta a wurinsa. Har ila yau, ƙafafunta na baya a kan jakar iska suke zaune. Ranar da jakar ta huje, sai ka wayi gari ka ga mota ta gurfana kamar raƙumi.

Dattawanmu za su tuna abin da ya sa Fijo 504 ta yi sarauta a wannan hanya ta Zariya zuwa Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara har Sakkwato. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Ba gudu ta fi kowa ba. Tsayi gare ta daga ƙasa, tana jure rami, kuma duk garejin da ka tsaya akwai yaron da ya san cikinta.

Na biyu, mai. Shi fetur yana da lamba da ake auna jurewarsa da ita a cikin inji, ana ce mata okten. Masu wannan mota lamba 98 suka ce a ba ta. Wanda ake sayarwa a gidajen manmu galibi yana wajen 91 ne. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, domin kwamfutarta za ta rage wa injin ƙarfi don ta kare shi. Wato ka biya kuɗin doki 525, amma ba dukansu za ka hau ba. Wannan ma in man mai tsabta ne ke nan. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, ya lalata motocin mutane a Legas da Abuja. Ballantana kuma ranar da mai ya yanke maka a hanya, dole ta sa ka tsaya wurin 'yan bumburutu, ba ka san abin da ke cikin galan ba.

Sai kuma yawan shan. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ƙaddara kana yin kilomita 50 kullum, zuwa Gusau da dawowa da 'yan zagaye cikin gari, kwana 26 a wata. Kilomita 1,300 ke nan. In Corolla tana shan kamar lita 8 a kowane kilomita 100, wata ya ci maka lita 104. Ita kuwa wannan, a irin tafiyar tsaya-tashi, ka sa mata ninkin haka, wajen lita 200 ko fiye. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, ka san yadda kuɗin lita ya koma, har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ka ɗauki waɗannan ƙarin lita 100, ka ninka da kuɗin lita a gidan man da kake sha, sa'an nan ka tambayi kanka buhun wake nawa za ka juya kafin ribarsa ta biya wannan kowane wata.

Na uku, gyara, kuma a nan ne sirrin arahar da ta ba ka mamaki yake. Ita irin wannan mota, kuɗinta na faɗuwa in ta tsufa, amma kuɗin kayan gyaranta ba ya faɗuwa. Za ka saye ta a farashin tsohuwa, ka riƙa gyara ta a farashin sabuwa. Juyen baƙin mai kaɗai kusan lita 9 take ci, na musamman kuma, alhali Corolla lita 4 da 'yan kai sun ishe ta. Ƙurar hunturu za ta riƙa toshe mata matatar iska da wuri. Zafin bazara, wanda a ƙasar Zamfara yakan haura digiri 40, zai gwada lagireto da duk wata tsohuwar roba da ke jikin injin. An kuma san injinan farko-farko na wannan samfuri da matsalar ƙusoshin da ke ɗaure kan inji, waɗanda in suka karye ruwa ke shiga inda bai kamata ba. Ba mu raina kanikawanmu na Gusau ba, akwai gwanaye. Amma wannan mota sai an jona ta da kwamfuta take faɗin ciwonta, kuma ko an gano ciwon, kayan sai an aika Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, wani ma sai an yi odarsa daga waje. Duk kwanakin nan mota na jingine, kai kuma kana tasha kana jiran ta haya, ga shi ka riga ka sayar da Corolla. Araha dai ba ta ado.

Za ka ce to ai a doguwar tafiya za ta fanshe. Gaskiya ne ba za ka gaji a cikinta ba, kuma wajen wuce babbar mota tana da ƙarfin da za ta fitar da kai da sauri. Amma gudun nan da ake yabonta da shi, ina za ka yi shi? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi. Ko da ma babu doka, akwai lissafi. Mai gudun kilomita 100 yana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 200 yana cin mita 56, tun kafin ƙafarsa ta kai kan birki. In kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa, komai kyan birkinta. A hanyar da saniya ke tsallakawa, da mai babur, da yaro mai talla, wannan ba abin wasa ba ne. Gusau zuwa Sakkwato 'yan kilomita 200 ne da ɗoriya. In ka cire garuruwan da dole ka rage gudu, da shingayen jami'an tsaro, abin da za ka riga mai Corolla da shi bai taka kara ya karya ba.

Saura magana ɗaya, wadda kai da kanka ka fi mu saninta, tun da ka ce a sakaya sunanka. Shekarun nan mutanen Bungudu da Tsafe da Maru sun ga tashin hankalin 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Tsarewa ta Allah ce, kuma masu wannan ta'asa ba su bar talaka ba ma. Amma mutumin da ya ɓoye sunansa a rediyo, yaya zai shiga motar da tun daga nesa rurinta ke sanar da zuwansa, wadda babu irinta a garin, kullum a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya? Masu kai rahoto ido gare su. Muna jin abin da Hajiya take hangowa ke nan, ko da ba ta faɗa maka da baki ba.

Saboda haka amsarmu, Malam, ita ce a'a. A matsayin mota ɗaya tilo ta neman abinci daga Nahuce, wannan ba ta dace da kai ba, kuma ba mu ga dalilin taɓa jari dominta ba. In jin daɗin tafiya kake nema, ka gyara wadda kake da ita, ko ka ƙara kaɗan ka sayi Camry ko wata mai tsayi daga ƙasa wadda kayanta ke nan Gusau.

In kuwa wata rana Allah ya buɗa, kuɗin ya zama rara ne ba jari ba, ranka kuma bai fita daga kanta ba, to ka saye ta a matsayin ta biyu. Kafin ka biya, ka kai ta wurin wanda ya san Marsandi ya jona mata kwamfuta, a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta. Ka tabbatar da takardun kwastan. Ka duba lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kada a haɗa ka da tsofaffi. Ka ware kuɗin gyara a gefe tun ranar farko. In za ka yi tafiya ka fita da hantsi, ka sauka kafin la'asar sakaliya, ka sha mai a gidan man da ka sani, ka ɗaura bel, kai da duk wanda ka ɗauka.

Muna fata mun warware maka. A gaishe mana da Hajiya, a gaya mata mun bi bayanta. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya kiyaye hanya.

Masu saurare, a nan za mu dakata. Duk mai tambaya ya rubuto mana, ya rubuta a fili yadda za mu iya karantawa, kuma tambaya ɗaya a kowace wasiƙa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.