YADDA WAƘA TA RIƘE WANI TSOHON JIRGIN YAƘI



Batun wannan jawabi shi ne wani jirgin ruwan yaƙi na ƙasar Amurka, irin wanda dattawa ke kira manuwa, da kuma waƙoƙin da aka yi masa. Sunan jirgin Constitution, wato Tsarin Mulki. An saka shi a ruwa ran 21 ga watan Oktoba 1797 a birnin Boston, kuma har yanzu yana can bisa ruwa, sojojin ruwa na aiki a cikinsa. Cikin jiragen yaƙin duniya da ke kan aiki, babu wanda ya girme shi yana yawo bisa ruwa. Jirgin Ingila mai suna Victory ya fi shi shekaru, amma tun 1922 aka girke shi a busasshen wuri a Portsmouth. Abin tambaya a nan shi ne, me ya hana jirgin katako ruɓewa har fiye da shekara 200, alhali 'yan'uwansa biyar da aka ƙera tare da shi duk sun shuɗe?

A shekarar 1794 Majalisar Dokokin Amurka ta ba da iznin ƙera jiragen yaƙi shida, domin 'yan fashin teku na arewacin Afirka sun matsa wa jiragen fatake na Amurka. Joshua Humphreys, wanda ya tsara su, ya ga ƙasarsa ba za ta iya gasa da Ingila ko Faransa wajen yawan jirage ba, saboda haka ya yi dabarar a ƙera kowanne ya fi sa'o'insa girma da ƙarfi, sa'an nan ya yi gudun da zai tsere wa wanda ya fi ƙarfinsa. An yi wa Constitution lissafin igwa 44, kaurin jikinsa kuwa ya kai inci 21, da wani itace mai tsananin tauri da aka saro daga jihar Jojiya.

Cikin ayyukansa na farko har da yaƙin Tarabulus, birnin nan na bakin Bahar Rum inda ayarin fataken Kano ke sauke kaya bayan ƙetare hamada. A watan Agusta 1804, ƙarƙashin Edward Preble, ya yi ta harba igwa a kan garun birnin, zamanin mulkin Yusuf Karamanli. Amma wannan bai sa sunansa ya shiga bakin mawaƙa sosai ba. Abin da ya yi masa suna shi ne yaƙin 1812.

A watan Yuni na wannan shekara Amurka ta shelanta yaƙi da Ingila, saboda Turawan Ingila na tare jiragenta a teku, suna kwashe ma'aikatan jirgi suna tilasta musu aikin soja, kuma suna hana ta ciniki da Faransa. Ingila na da jiragen yaƙi fiye da 500, na Amurka kuwa ba su kai 20 ba. A tudu ma al'amari bai yi kyau ba: ran 16 ga watan Agusta Janar William Hull ya miƙa garin Detroit ga abokan gaba ba tare da wani ɗauki ba daɗi ba. Bayan kwana uku tak, ran 19 ga wata, ɗan ɗan'uwansa, Kyaftin Isaac Hull, wanda ke jan Constitution, ya yi karo da jirgin Ingila mai suna Guerriere a tekun Atlantika. Da suka matso kusa da juna, cikin ɗan lokaci ginshiƙan Guerriere duk suka karye, ya zama gungume bisa ruwa, Kyaftin James Dacres ya sallama. Mutum 7 suka mutu a gefen Amurka, 7 suka yi rauni. An ce a cikin wannan faɗa wani matuƙi ya ga harsashin igwa ya bugi jikin jirginsu ya faɗa ruwa, sai ya yi kururuwa cewa jikin nan na ƙarfe ne. Daga nan aka laƙaba masa Old Ironsides, wato Tsoho Mai Haƙarƙarin Ƙarfe.

Labarin wulaƙancin Detroit da na nasarar teku kusan tare suka iso Boston. Mutanen da kunya ta rufe suka sami abin da za su ɗaga kai da shi, nan da nan mawaƙa suka ɗauka. A wancan zamani ana buga waƙa a takarda guda, a sayar a titi da araha, yawanci an ɗora ta a kan karin wata tsohuwar waƙa da kowa ya sani, ta yadda ko wanda bai iya karatu ba, in ya ji sau biyu ya riƙe. Wani mai ɗab'i a Boston, Nathaniel Coverly ƙarami, ya buga irin waɗannan da yawa, kuma Isaiah Thomas ya sayi tarinsu ya adana, suna nan har yau a garin Worcester. Waƙoƙin na yi wa Dacres ba'a a matsayin mai cika baki, suna kambama Hull da mutanensa. Har wata rawa aka yi aka sa mata sunan nasarar Hull.

Jirgin ya ƙara wa mawaƙa abin faɗi. Ran 29 ga watan Disamba 1812, ƙarƙashin William Bainbridge, ya ragargaza jirgin Ingila mai suna Java a gaɓar Brazil. Ran 20 ga watan Fabrairu 1815, ƙarƙashin Charles Stewart, ya kama jirage biyu, Cyane da Levant, a faɗa guda kusa da tsibirin Madeira, alhali an riga an sa hannu a takardar sulhu a birnin Ghent tun watan Disamba, labari ne bai kai ga na cikin teku ba.

To, jama'a, yabon gwani ya zama dole, amma mai waƙa zaɓe yake yi. Waƙoƙin ba su faɗi cewa Constitution ya fi Guerriere girma da nauyin harsashi da yawan mutane ba. Ba su faɗi cewa waɗannan nasarori ba su sauya akalar yaƙin ba, domin a watan Agusta 1814 sojan Ingila sun shiga Washington sun ƙone fadar shugaban ƙasa da ginin Majalisa. Ba su ambaci bayin da aka sa saran itacen nan mai tauri a Jojiya ba. Kazalika, kamu na ƙarshe da jirgin ya yi, na wani jirgin fataucin bayi mai suna H. N. Gambrill a gaɓar Afirka cikin watan Nuwamba 1853, bai sami suna irin na faɗa da Guerriere ba. Wanda ke neman cikakken tarihi, waƙa ba za ta wadatar da shi ba.

Duk da haka, abin da waƙa ke iyawa ya bayyana a 1830. Ran 14 ga watan Satumba wata jaridar Boston ta ba da labarin cewa ma'aikatar sojan ruwa ta yanke shawarar wargaza tsohon jirgin. Wani saurayi ɗan shekara 21, Oliver Wendell Holmes, ya karanta, ransa ya ɓaci, ya rubuta waƙa mai baiti uku, kowane baiti layi takwas, aka buga ta bayan kwana biyu. Bai roƙi hukuma ba. Gatse ya yi, ya nuna kamar ya yarda da hukuncin, sa'an nan ya ce nutsewa cikin teku ta fi wa irin wannan jirgi mutunci bisa faɗawa hannun masu wargaza shi. Jaridu a faɗin ƙasar suka yi ta sake buga ta. Gaskiyar magana, labarin jaridar bai inganta ba, ƙiyasin kuɗin gyara ma'aikatar ta nema a yi mata. An amince da gyaran, kuma a watan Yuni 1833 jirgin ya shiga sabon wurin gyaran jirage na Charlestown, shi ne na farko da ya shiga.

Saboda haka ba daidai ba ne a ce waƙar Holmes ita kaɗai ta ceci jirgin a 1830. Aikinta ya fi haka tsawo. An sa ta cikin littattafan makaranta, yara suka yi ta haddace ta zuriya bayan zuriya, har taɓa jirgin ya zama abin kunya ga kowane mai mulki. A 1905 Sakataren Sojan Ruwa, Charles Bonaparte, ya kawo shawarar a ja shi cikin teku a yi koyon harbi da shi har ya nutse. Jama'a suka yi caa, wani ɗan kasuwa ɗan asalin Armeniya, Moses Gulesian, ya ce zai saye shi dala 10,000, a shekarar da ta biyo kuwa Majalisa ta ware dala 100,000 don gyaransa. Da ya sake lalacewa bayan 1920, 'yan makaranta suka tara kwabbansu har wajen dala 150,000, aka haɗa da sauran gudummawa da kuɗin gwamnati aka yi masa babban gyara daga 1927 zuwa 1930. Daga 1931 zuwa 1934 aka zaga da shi tashoshin ruwan ƙasar, mutum fiye da miliyan 4 suka shiga suka gani da idonsu.

A 1997, da ya cika shekara 200, ya yi tafiya da iska kaɗai, ba mai jansa, ya kuma sake yi ran 19 ga watan Agusta 2012 don tunawa da faɗa da Guerriere. An ƙiyasta cewa katakon asali da ya rage a jikinsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura duk sabo ne da aka yi ta musanyawa. Kowane musanye kuɗi ya ci, kuma kowane kuɗi sai da aka sami mutanen da suka yarda a kashe shi a kan jirgin da ba zai sake yaƙi ba. Waɗannan mutane, yawancinsu a bakin malamin makaranta suka fara jin sunansa, cikin waƙar wani saurayi da ya fusata saboda labarin da bai tabbata ba.