Ƙyauren Ɗakin Ajiya

Yau maganarmu a kan ɗan ɗakin nan ne na bayan gida, inda kuke ajiye hatsi da gyaɗa da kayan noma. Sau da yawa mutum ya kan kashe kuɗi ya yi gini mai kyau, ya yi rufi, sa'an nan ya rataya tsohon asabari ko tufaniya a ƙofa, ya ce ai ba kwana za a yi ciki ba. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babban abokin gabanku a nan shi ne ɓera. Ba hatsin da ya ci kaɗai ne hasara ba. Wanda ya bari ma ya ɓata shi da fitsari da kashi. Ta haka ne ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da cutar, shi kuwa ba ta yi masa kome. Mutum in ya kamu, cikin mako ɗaya zuwa uku ya kan fara zazzaɓi da ciwon kai da ciwon maƙogwaro da kasala. Waɗansu su kan warke amma su kurumce, waɗansu ta kashe su. Ta fi tsanani ga mace mai tsohon ciki. Ta fi kuwa yawa da rani, daidai lokacin da ɗakunan ajiya suke cike.

To, wane irin ƙyaure ya kamata?

Asabari da tufaniya da ƙyauren kara suna kare ido ne kawai. Ɓera zai bi ta ƙarƙashinsu, maciji kuwa ya biyo ɓeran.

Ƙyauren katako ya fi, amma gara tana cinsa, ɓera kuma ya kan gwigwiyi gindinsa. In shi za ku sa, ku ce wa kafinta ya yi da busasshen katako, domin ɗanye in ya bushe ya kan kantare ya bar kafa. Ya kuma buga masa kwano ko fallen gwangwani daga ƙasa, tsawon ƙafa ɗaya.

Ƙyauren ƙarfe shi ne ya fi duka, ba gara, ba ɓera. Sai dai ya kan kama ɗaki ruf, don haka a bar 'yar taga can sama, a toshe ta da ragar waya mai ƙananan idanu, iska ta riƙa ratsawa.

Ko wanne kuka zaɓa, ga abubuwa 4 da za ku lura da su.

Na fari, ya zauna daram. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba. Ku shiga ɗakin da tsakar rana, ku rufe. Duk inda haske ya shigo, ku toshe.

Na biyu, a ɗaga dokin ƙofa, a shafe shi da siminti, don kada ɓera ya haƙa, kada kuma ruwa ya kwararo ciki.

Na uku, kada ƙofar ta dubi gabas, gama daga nan hadari ya kan taso mana. Gyaɗa da masara in suka sha laima su kan yi funfuna, funfunar kuwa tana da dafi mai lalata hanta. An gano shi ne bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, saboda cin abincin gyaɗa mai funfuna. Dahuwa ba ta kashe wannan dafi.

Na huɗu, a sa sakata da kwaɗo can sama, inda hannun yaro ba ya kai. Yara da yawa an kawo su ɗakin shan magani don sun sha kananzir ko maganin feshi da aka zuba a kwalbar lemo. Irin waɗannan kuwa kada a haɗa su wuri ɗaya da abinci ko kaɗan.

Amma fa ƙyaure kome kyaunsa, in an bar shi a buɗe ba shi da amfani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku jera buhuna a kan katako nesa da bango, ku share hatsin da ya zube, ku nome ciyawar gindin ɗaki. Mataccen ɓera kada a taɓa shi da hannu, a ɗauke da shebur a binne.

In kuwa wani ya yi zazzaɓi, ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro kwana 2 ko 3 bai sauka ba, ku kai shi asibiti maza, ku wanke hannu da sabulu bayan kun taɓa shi, domin ana ɗaukar cutar daga jinin majinyaci da fitsarinsa da amansa.

Yau kafin magariba, kowane maigida ya je ya duba ƙyaurensa. Allah ya ba mu lafiya, amin.