Yaushe Yaro Ke Isa Shiga Babban Fage?

Ranka ya daɗe uban ƙasa, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, shugabannin matasa, jama'ar Darna Sabon Gari, da 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Birnin Ƙwanni, barkanku da zuwa.

Tambayar da zan tsaya a kanta yau tsohuwa ce a wannan yanki namu na Illela. Duk kaka, idan gero ya shiga rumbu, kalangu ya tashi a filin dambe, ganga ta amsa a fagen kokawa, sai ta dawo: wane yaro ne ya isa a haɗa shi da manya? Wanda ya kashe sa'o'insa a jere a Araba ko Kalmalo, shin lokaci ya yi da za a kai shi Sakkwato, ko Kano, ko Deidei ta Abuja, a tsayar da shi gaban wanda ya shekara goma yana ɗaure hannu? Abin da nake so in kafa wa hujja shi ne, yawan tsararrakin da yaro ya kayar ba ya nuna isarsa. Ana ganin isarsa ne a fage na tsakiya, bayan shi ma an kayar da shi ya dawo. Kuma wanda ke karɓar kuɗin ƙofa bai cancanci ya yanke wannan hukunci ba.

Zan fara ɗauko shaida daga nesa, daga wasan besbol na Amurka. Na san wasa ne da ba mu yi a nan, amma masu shi sun fi ƙarni guda suna rubuta kowace jifa da kowane duka, saboda haka kurakuransu a rubuce suke, kowa na iya dubawa. Wasan ya ginu kan mutum biyu, mai jifar ƙwallo da mai dukanta da sanda. Manyan ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 a shekara, kuma kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, inda yaro ke shafe shekaru kafin a kira shi sama. A shekarar 1973 ƙungiyar Texas Rangers ta ɗauki wani mai jifa ɗan shekara 18, David Clyde, wanda bai sha kaye ko sau ɗaya ba a wasa 18 na shekararsa ta ƙarshe a sakandare. Mai ƙungiyar, Bob Short, yana cikin matsin kuɗi, filinsa ba ya cika. Sai ya tsallakar da yaron duk hawa-hawan nan, ya sa shi jifa a babban fage ranar 27 ga Yuni, makonni kaɗan bayan ya gama makaranta. Mutum fiye da dubu 35 suka cika filin, karo na farko da ya cika. Shirin farko shi ne yaron ya yi wasa biyu a mayar da shi ƙasa ya koyi sana'a, haka kuma kocinsa Whitey Herzog ya so. Da mai ƙungiya ya ga kuɗin ƙofa, sai ya ƙi. Clyde ya gama shekarar da nasara 4 da kaye 8, daga baya kafaɗarsa ta lalace, ya buga wasansa na ƙarshe a manyan ƙungiyoyi a 1979 yana da shekara 24.

Wani zai ce ai darasin a fili yake, a riƙa jinkirtawa. To amma a wannan wasan dai, a 2015, ƙungiyar Chicago Cubs tana da Kris Bryant, wanda kowa ya yarda ya isa. Dokar wasan ta ce ɗan wasa yana samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so bayan shekara shida na aiki, kuma ana lissafa shekara ne da kwana 172. Sai ƙungiyar ta riƙe shi a ƙasa har 17 ga Afrilu, ya gama shekarar da kwana 171. Da kwana ɗaya tak ta ƙara wa kanta shekara guda ta mallakarsa. A shekarar aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa, a ta gaba kuma gwarzon rukuninsa baki ɗaya. Ya kai ƙara, ya faɗi a 2020. Ku dubi mutanen nan biyu. An yi wa ɗaya gaggawa, an yi wa ɗaya jinkiri, kuma a duka biyun ba a auna yaron ba, aljihun mai ƙungiya aka auna. Wannan ya sa nake cewa tambayar lokaci tana bayan tambayar wa ke yanke hukunci.

Mu dawo gida. Magabatanmu ba su rubuta dokar dambe ba, amma sun yi mata tsari. Dambe ya taso a hannun mahauta, masu yawo gari-gari bayan girbi, kuma ba a shigarsa haka kawai. Yaro yana bin ubangida, yana ɗaukar masa kaya, yana kallon yadda ake naɗa zare, kafin a bar shi ya shiga fili. A yammacin wasa ma yara ne ke buɗe fage, sai matsakaita, sannan manya su rufe. Idan yaro ya fara fice, da sunan ubangidansa ake kiransa: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Wannan al'ada tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin duk ranar da aka buge yaron a turmin farko, sunan ubangida ne maroƙi zai ambata, kuma ɓangarensa ne, Kudu ko Arewa ko Guramada, zai kwana da kunyar. Mutumin da sunansa ke rataye a wuyan yaro ba zai yi saurin miƙa shi ga wanda ya fi ƙarfinsa ba.

A ƙetaren iyaka kuma hukuma ce ta gina matakan. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar takobin kokawa ta farko a Tawa zamanin Seyni Kountché, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe, Nijar take tara zaratanta. A tsarin yanzu jihohi takwas ne, kowacce tana kawo 'yan kokawa goma. Yaron Ƙwanni ba ya wayar gari ya ga kansa gaban irin su Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama. Sai ya yi fice a gundumarsa, ya je ya tsaya a zaɓen jihar Tawa, ya samu gurbi cikin goman nan. Kafin ya kai can an kayar da shi, ya tashi, an sake gwada shi. Ba na cewa tsarin ba shi da aibi, amma yana tilasta wa yaro bin hanyar da take nuna ko waye shi.

Abin da ya sauya a ɓangarenmu shi ne waya da kuɗi. Yau idan yaro ya yi kisa mai kyau a ƙauye da la'asar, kafin isha bidiyon ya zagaya Facebook da TikTok. Mai gidan dambe a birni yana neman sabuwar fuska da za ta cika masa fili, ga gasar babur ko ta mota an sa, sai ya kira yaron kai tsaye, wani lokaci ba tare da an nemi ubangidansa ba. Shi mai gidan ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma lissafinsa daidai yake: ko yaron ya yi kisa ko an kashe shi, an riga an biya kuɗin shiga. Hasarar tana kan mutum ɗaya ne kawai. Wanda ya yanke gero yana tsanwa zai ci tumu mai daɗi na yini ɗaya, amma ba shi da damin da zai kai rumbu.

To mene ne alamar isa, idan ba yawan kisa ba? A nan ina so in daɗe kaɗan, domin nan ne ake yawan ruɗuwa. Yaron da ya fi sa'o'insa tsawo da ƙarfi yana cin su da abu ɗaya, wataƙila hannu mai nauyi, wataƙila shuri. Bai taɓa buƙatar abu na biyu ba, saboda haka ba shi da shi, kuma babu wanda ya sani, har shi kansa. Manya kuwa sana'arsu ke nan, su kalli mutum turmi ɗaya su gane makaminsa, su toshe shi, su jira. Masu besbol sun daɗe da gane haka. Mai dukan da ke gagarar yara yakan ruɗe ranar da ya haɗu da masu jifar da ke lanƙwasa ƙwallo, kuma ba a yarda da shi sai an ga abin da ya yi bayan abokan hamayya sun gano rauninsa. A dambe ma haka. Abin dubawa shi ne yadda numfashin yaro yake a turmi na uku, da yadda yake tsayawa gaban bahago, da ko garkuwarsa tana sauka idan ya fusata. Sama da duka, a duba karawarsa ta biyu da wanda ya taɓa kashe shi: ya dawo da dabarar da ta gaza a farko, ko ya dawo da gyara? Kuma a duba karawarsa ta biyu da wanda shi ya kashe, wanda ya koma gida ya yi nazarinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bidiyon minti guda zai nuna. Suna buƙatar kaka guda aƙalla, ko biyu, a tsakanin matsakaita.

Akwai masu ja, kuma jansu ba na banza ba ne. Na farko zai ce baiwa ba ta jira. Pele yana da shekara 17 ya ci kofin duniya a 1958, kuma Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa bai cika wata takarda ba kafin ya gagara. Gaskiya ne. Amma muna tuna waɗanda suka tsira ne, domin su ake yi wa waƙa, waɗanda aka karya a farkon tafiya kuwa babu makaɗin da ya riƙe sunansu. Kuma fage na tsakiya ba ya tare mai baiwa ta gaske, yana ratsa shi ne da sauri, kowa ya gani. Ku tuna Victor Osimhen. Ya ci ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2015, aka kai shi Wolfsburg ta Jamus a 2017, bai ci mata ƙwallo ko ɗaya ba. Da aka saukar da shi Charleroi ta Beljiyam a 2018, inda yake samun wasa kowane mako, sai ya farfaɗo, ya wuce Lille, ya wuce Napoli, ya zama gwarzon Afirka a 2023. Matakin da aka tsallakar da shi sai da ya koma ya taka.

Ja na biyu ya fi wannan ciwo, kuma shi ne talauci. Uba zai ce, ɗana yana da ƙarfi yau, ga babur an sa, gida babu hatsi, wa ya san gobe? Ban da bakin raina wannan magana. Sai dai lissafin kuɗin ma yana goyon bayan haƙuri. Ɗan damben da ya shiga manya da shirinsa yana iya shekara goma ko fiye yana karɓar kari, ana yi masa ajo, yana da yaransa. Wanda aka shigar ɗanye yana iya ƙarewa cikin kaka ɗaya. Ɗan ƙwallon da aka gaggauta yana rasa gurbi ne, ɗan dambe kuwa kansa ake duka. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa tana ci gaba da girma har bayan shekara ashirin, kuma duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke daga na farko ba yana iya kisa na gaske ko nakasa, musamman ga matasa. Shi ya sa a damben zamani na waɗanda ba ƙwararru ba, wanda aka sumar ba ya komawa fili sai bayan aƙalla kwana 30, kuma ba a shiga rukunin manya sai an kai shekara 19. A damben gargajiya kuwa, inda a al'adance ba a raba mutane da nauyi, yaro mai kilo sittin na iya tsayawa gaban mai tamanin. Ga kuma ƙwayoyi irin su tiramadol da ke ɓoye wa mutum zafin da ya kamata ya tsayar da shi.

Ja na uku shi ne wanda ya fi kusa da karya hujjata. Za a ce, ka cire hukunci daga hannun mai gidan dambe ka ba ubangida, shin ubangida ba ya da nasa kwaɗayin? Yana da shi. Akwai wanda zai miƙa yaro don a ba shi kaso, akwai kuma wanda zai danne yaron da ya isa don kada ya rufe shi, kamar yadda aka yi wa Bryant. Saboda haka ban ce a bar wa mutum ɗaya ba. Ubangida ya kawo yaro, amma sarkin dambe da tsofaffin 'yan wasa daga ɓangaren da ba na yaron ba su shaida, tare da ma'aikacin lafiya da zai duba shi, kuma yaron da yake ganin an danne shi ya samu damar kai kuka gare su. Abin da za su dogara da shi littafi ne, na takarda, wanda kowane fili zai ajiye: wa ya kara da wa, a wane turmi aka rabu, wa ya suma, a wace rana. Malamin firamare ɗaya da biro ya isa wannan aiki.

Mu a Illela muna da ƙarin wani nauyi da Kano ba ta da shi. Iyaka tana bakin ƙofarmu, tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Yaron da aka sumar a nan ranar Lahadi ta kasuwa, idan aka hana shi fili, yana iya tsallakawa ya ɗaure hannu a can kafin mako ya zagayo, kuma babu wanda ya san abin da ya same shi. Hutun kwana 30 da littafin da na ambata ba za su yi aiki ba sai shugabannin wasa na Illela da na Ƙwanni sun zauna sun amince cewa wanda aka dakatar a ɗaya an dakatar da shi a ɗayan, kuma su riƙa aika wa juna sunayen. Tunda wakilan ɓangarorin biyu suna cikin wannan zaure, ina roƙon a sa ranar wannan zama kafin kakar bana ta kama.